Marini da Masaƙi

A garin Huddersfield da ke arewacin Ingila, inda kogin Holme ke zuba a cikin kogin Colne, an yi waɗansu 'yan'uwa biyu da suka gaji sana'ar ulu daga mahaifinsu. Garin ya yi suna da yadin kwat tun ƙarni na 19, albarkacin ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Pennine, ruwa mai laushi da ba ya hana sabulu kumfa, wanda ya dace da wanke gashin tumaki da rina shi. Da aka raba gado, babban ya ɗauki marina, ƙaramin ya ɗauki masaƙa. Sai mu kira su da sana'arsu, Marini da Masaƙi.

Ran 1 ga Afrilun 2001 gwamnatin Birtaniya ta fara karɓar wani sabon haraji, Harajin Sauyin Yanayi, wanda ministan kuɗi Gordon Brown ya sanar a kasafin 1999. Ba a ɗora shi a kan gidajen jama'a ba. Masana'antu da shaguna da ofisoshi aka ɗora wa, gwargwadon makamashin da suke sha: kwabo 0.43 na kuɗin Ingila a kan kowane yunit na lantarki, kwabo 0.15 a kan yunit na iskar gas. A ido ba komai ba ne, amma wanda ya sha yunit miliyan ɗaya na lantarki zai biya fam 4,300, kuma masana'anta ba miliyan ɗaya take sha ba. Don a rage raɗaɗi, gwamnati ta sassauta kuɗin inshorar ma'aikata da masu kamfani ke biya da ɗigo 0.3 cikin ɗari.

Manyan masu shan makamashi, irin su masu ƙarfe da siminti da takarda da sinadarai, suka yi ca a kan gwamnati. Suka ce harajin zai kora aiki zuwa ƙasashen da ba a biyan irinsa. Sai aka buɗe musu ƙofa: duk masana'antar da ta sa hannu a kan yarjejeniyar rage makamashin da take sha za a yafe mata kashi 80 cikin ɗari na harajin. Ƙungiyar kowace sana'a ce ke zama da gwamnati a yi ciniki a kan yawan ragin, ƙungiyoyi sama da 40, kuma duk shekara biyu a duba ko an cika alkawari. Sai dai ba kowa ke shiga ba. An ɗaura cancanta ne a kan irin ayyukan da dokar hana gurɓata muhalli ta lissafa. Rini na ciki, domin ruwan da yake zubarwa. Saƙa zalla ba ta ciki a lokacin.

Ranar da takardar Marini ta iso, ya buga wa ƙanensa waya yana dariya.

"Ka ga amfanin ƙazanta? Ni da nake ɓata kogi an yafe mini kashi 80, kai mai tsabta za ka biya duka."

Masaƙi bai ga abin dariya ba. Ya ce wannan zalunci ne, kuma da gaskiyarsa. Ya rubuta wa ɗan majalisarsu, aka ba shi amsa mai daɗin karantawa, takardar kuɗin wuta kuma ta ci gaba da zuwa da harajin a jikinta, cif.

Da ya ga ƙorafi ba ya biyan bashi, sai ya nemi wani injiniya ta hannun Carbon Trust, cibiyar da gwamnati ta kafa a 2001 don taimaka wa kamfanoni su rage shan makamashi. Injiniyan ya ce ranar Lahadi zai zo, ranar da ba a aiki. Masaƙi ya yi mamaki, amma ya buɗe masa. Suka shiga zauren saƙa, injuna duk a kashe, mutumin ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Sai ga wani sauti, siii, daga ko'ina, wanda ƙarar injuna ke binnewa sauran kwanakin mako. Iskar kwamfaresa ce ke tsiyaya daga bututu. Injiniyan ya ɗauko gorar ruwan sabulu yana fesa wa kowace mahaɗa, inda duk kumfa ta tashi ya ɗaura jan ƙyalle. Kafin azahar zauren ya cika da jajayen ƙyallaye. Daga can ƙurya kwamfaresa ta tashi da kanta, ta yi ruri, ta cika tankin da babu mai amfani da shi, ta mutu, jim kaɗan ta sake tashi. Haka take yi dare da rana, har ranar Kirsimeti.

"Mafi yawan wutar da kwamfaresa ke sha zafi take zama," in ji injiniyan. "Ɗan abin da ya zama iska kuma, ga inda yake tafiya."

Masaƙi ya toshe ramukan da kuɗin da bai kai na sabuwar taya ba. Ya sa mita a kowane sashe, ya ɗora wa kowane shugaban leburori karanta tasa duk safiyar Litinin. Sannu a hankali ya canza fitilu, ya sa wa injunan fanka na'urar da ke rage musu gudu idan ba a buƙatar ƙarfinsu duka, ya ci bashi marar ruwa ya sauya tsofaffin injuna. Ba don son duniya ta yi sanyi ya yi ba, kada mu ba shi waliccin da bai nema ba. Haushi ne. Duk yunit ɗin da ya rage, yana jin kamar ya ƙwace shi ne daga hannun mai karɓar haraji.

A marina kuwa, abin ya zo wa Marini da sauƙi. Ana auna ragi ne daga wata shekara ta baya da aka ɗauka a matsayin ma'auni, kuma ƙungiyoyi daban-daban sun ɗauki shekaru daban-daban. Shekarar da ta faɗa wa Marini ta dace da lokacin da tsohuwar tukunyar tururinsa ke kan gargara, tana cin gas kamar ba gobe. Da ma ya riga ya yi odar sabuwa, domin tsohuwar ta ƙi gyaruwa. Da aka kafa sabuwar, lissafi ya nuna ya cika alkawarin shekaru da dama a tashi ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, haka aka sani. Marini ya ci ladan, aka duba aka ga kan ya riga ya sha aska.

Ba shi kaɗai ba ne. A zagayen farko na 2002, ragin da aka lissafa a ƙasa baki ɗaya ya wuce abin da aka yi alkawari nesa ba kusa ba, kuma babban kaso daga ciki ya fito ne daga masana'antar ƙarfe, wadda aikinta ya ja baya a lokacin. Ga kuma waɗansu ƙofofin baya guda biyu. Idan ƙungiya a dunƙule ta cika alkawari, har wanda bai cika nasa ba yana tsira da rangwamensa. Idan kuma an gaza, ana iya sayen takardun izinin hayaƙi a kasuwar da aka buɗe a 2002, waɗanda farashinsu ya faɗo zuwa fam ƙalilan a kan kowane tan. A teburin ciniki mai masana'anta ya san cikin injinsa, jami'in gwamnati bai sani ba. Wa zai ci ribar irin wannan zama?

Akwai wani tsoho a marina, mai kula da tukunyar tururi tun zamanin mahaifinsu. Tun da yarjejeniya ta tilasta a riƙa rubuta abin da mita ta nuna, sai ya mayar da abin nasa. Ya sayi littafi, yana rubuta gas ɗin da aka sha da nauyin ulun da aka rina, kowace rana. Wata safiya ta hunturu ya ja Marini zuwa bayan gini. Ƙanƙara ta rufe filin fari fat, in ban da wani dogon layi baƙi da ya miƙe daga bango zuwa magudana, yana tururi.

"Maigida, ka ga wancan? Ruwan rini ne. Sai mun dafa shi ya kusa tafasa kafin launi ya kama ulu, mu zubar da shi da zafinsa, sa'an nan mu ɗebo mai sanyi daga waje mu sake dafawa. Akwai na'urar da ke sa ruwan da ke fita ya ɗumama wanda ke shiga, ba tare da sun gauraya ba. Ga kuma bawul-bawul na tururi, na ƙirga waɗanda suka lalace, suna nan a littafi."

Marini ya tambayi kuɗin na'urar, aka faɗa masa. Ya tambayi ko ana buƙatarta kafin a cika alkawarin bana, aka ce a'a.

"To, mu bari sai an matsa mana. Idan muka rage da yawa yanzu, gobe su ce mu ƙara."

Maganar tasa ba ta wauta ba ce, abin da ya sa ta fi haɗari ke nan. A 2004 an sake zama an tsaurara alkawuran ƙungiyoyi da yawa, daidai saboda an ga sun cika su cikin sauƙi. Mai wayo ya koyi ya riƙa ajiye ɓarnarsa, yana fitar da ita kaɗan-kaɗan duk lokacin dubawa.

Shekaru suka shuɗe. A Afrilun 2011 aka rage rangwame zuwa kashi 65. A 2013 aka buɗe sabon zubi a ƙarƙashin Hukumar Kula da Muhalli, aka ɗaga rangwamen lantarki zuwa kashi 90, aka ɗauki 2008 a matsayin shekarar ma'auni, aka kuma daina fakewa a bayan ƙungiya: kowa ya ɗauki kayansa. Wanda ya gaza zai biya fam 12 a kan kowane tan na hayaƙin da ya yi sama da ƙa'ida, ya riƙe rangwamensa. 'Yar Marini, wadda ta zama akantar kamfanin, ta buga lissafi ta kai wa mahaifinta.

"Baba, biyan tarar ya fi sayen na'urar sauƙi a bana. Amma bana kaɗai na lissafa."

"Bana muke ciki," in ji shi. Ya sa hannu a cek. Tsohon mai tukunya ya yi ritaya, ya bar littattafansa a kan kanta.

A 2014 waɗansu masana tattalin arziki uku, Ralf Martin da Laure de Preux da Ulrich Wagner, suka wallafa binciken da suka yi a kan masana'antun Birtaniya a shekarun farko na harajin. Sun kwatanta waɗanda suka biya shi cikakke da waɗanda suka samu rangwame. Masu biya cikakke sun rage kason da makamashi ke ci a aikinsu da kimanin kashi 18 cikin ɗari fiye da masu rangwame, shan lantarkinsu kuma ya ragu da kusan kashi 23. Ba su kuma ga shaidar cewa harajin ya jawo korar ma'aikata ko rufe masana'antu ba. Masaƙi ya ga labarin ya aika wa wansa. Marini ya ce ai saƙa ba rini ba ce, shi ruwa yake dafawa, babu dabarar da za ta sa ruwa ya yi zafi ba wuta. Nan ma rabin gaskiya ya faɗa. Marina ba za ta taɓa shan makamashi kaɗan kamar masaƙa ba, don haka ne ma aka yi mata rangwame. Abin da bai faɗa ba shi ne sau nawa yake dafa abin da ya riga ya dafa.

A 2021 farashin gas ya fara hawa a Turai, da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022 kuma ya yi tashin gwauron zabi. Kwantiragin gas na marina ya ƙare a tsakiyar wannan hali. Da 'yar Marini ta buɗe sabon farashin da aka aiko, ta karanta sau biyu, ta ɗauka kuskure ne. Rangwamen da suka yi shekara 20 suna tattali yana nan daram, amma rangwame ne a kan haraji, harajin kuwa ɗan ƙaramin layi ne a ƙasan takarda. Babu wanda ya yi musu alkawarin rangwame a kan gas ɗin kansa. Gwamnati ta kawo tallafin kuɗin makamashi ga kamfanoni daga Oktoban 2022 zuwa Maris na 2023, ya ba su damar numfasawa, bai hana su soke aikin dare ba. Mutanen da suka yi shekaru a wurin suka karɓi takardar sallama, kuma ba su ne suka ƙi sayen na'ura ba.

Masaƙi ma ya ji a jikinsa, domin lantarkin Birtaniya na bin farashin gas. Amma shi ya yi tangal-tangal ne, bai faɗi ba.

'Yar Marini ta sauko da littattafan tsohon daga kanta, ta kwashe su a kwali ta kai gidan baffanta. Suka baje su a teburin cin abinci. Komai na ciki: wace tukunya ce ke cin gas fiye da 'yan'uwanta, wane bawul ne ke tsiyaya, zafin ruwan da ke fita ta magudana wata bayan wata. Injiniyan da suka kira ya ce an rage masa rabin aiki.

Masaƙi ya yarda zai ba da rancen kuɗin na'urar. Da Marini ya zo yi masa godiya, murya ƙasa-ƙasa, sai ya katse shi.

"Kada ka gode mini. Idan ka rufe, ina zan kai zarena a rina? Marinan da suka rage a kwarin nan ba su da yawa. Sharaɗina ɗaya ne: duk Litinin 'yarka ta turo mini abin da mita ta nuna."

"Wato yarjejeniya za mu yi."

"Ita ce. Sai dai ni na san cikin marinar nan, a ciki na girma."

Aka kafa na'urar a bazarar 2023. A wannan shekarar ce kuma lissafin zagayen 2021 zuwa 2022 ya fito, marina ta gaza, tara kuwa ta riga ta koma fam 18 a kan kowane tan. Marini ya biya, ya miƙa wa 'yarsa ragamar kamfanin. Ita ce ta sake buɗe aikin dare daga baya, da rabin mutanen da aka sallama, domin sauran sun riga sun kama aiki a wani wuri.