Adon Abin Hawa Da Haƙƙin Wanda Aka Ɗauka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, wata ranar Alhamis ina jiran mota ta cika a tashar Gumel, zan tafi kasuwar Maigatari, sai wani saurayi direba ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya." Ya nuna mini motarsa ƙirar Golf, an kafa mata wani abu mai kama da fiffike bisa bayanta, an shafe shi da jan fenti yana ta walƙiya. Ya ce mahaifinsa ya yi masa faɗa, wai wannan almubazzaranci ne da fankama, shi kuwa yana ganin ai kuɗin guminsa ne. Shin ya yi laifi? Na ce masa, "Samari, tambayarka ta fi ƙarfin tsayuwar tasha." Ga amsar da na yi masa alkawari.

Da fari, lalle ne mu san ko mene ne wannan fiffike, domin ba a yanke hukunci bisa abin da ba a sani ba. Idan mota ta yi gudu mai tsanani, iskar da ke bi ta samanta takan nemi ɗaga bayanta, sai tayoyi su rage kama ƙasa. Masu tseren motoci a Turai suka ƙago wannan abu a farkon shekarun 1960 don ya karya wannan iska. A wurinsu kayan aiki ne. Har ma a ƙarshen 1999 da farkon 2000 kamfanin Audi na Jamus ya kira motocinsa samfurin TT ya ƙara musu irinsa, bayan haɗurran da suka auku ga masu gudu fiye da kilomita 180 cikin sa'a. To, amma a hanyoyinmu, inda doka ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce kilomita 100 ba ko a babban titi mai hannu biyu, balle hanyar Gagarawa ko ta Sule Tankarkar inda akuya da amalanke da ɗan makaranta ke raba hanya da direba, ba wani aiki da yake yi. Wanda ake sayowa a Kofar Ruwa ta Kano a ɗaura wa kowace irin mota, ado ne tsantsa, wani ma sai dai ya ƙara shan mai.

Tun da yake ado ne, shin ado haramun ne? A'a. A cikin Suratun Nahli, aya ta 8, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a matsayin ni'ima, Ya kuma ambaci amfani biyu gare su, watau hawa da ƙawa. A Suratul A'arafi kuma, aya ta 32, an yi inkari ga wanda ya haramta ƙawar da Allah Ya fitar domin bayinSa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wani mutum ya ji tsoron kada son tufa mai kyau da takalmi mai kyau ya zama girman kai, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwantar masa da hankali, ya bayyana masa cewa girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka ban ga hujjar da za a kafa wa saurayin nan a kan jan fenti kawai ba. Mu da muka tashi muna kallon hawan Salla a ƙofar fadar Gumel, muna ganin jalala da dauki-saka da tunjimi bisa dawaki, bai kamata mu yi saurin zargin yaro don ya yi wa abin hawansa kwalliya ba. Kakanninsa ma sun yi. Sai dai malamai sun sa iyaka tun da can: mai Risala, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya halatta azurfa a zobe da takobi da Alƙur'ani, ya hana ta a linzami da sirdi.

Amma fa akwai abin da barden Gumel ya sani wanda nake tsoron direban yau ya manta. Ba a ɗora wa doki kayan ado sai an ƙosar da shi da harawa da dusa da kanwa, an duba kofatonsa, an tabbata majanyi ba zai tsinke ba. Wanda ya fito da ramammen doki cikin kayan alfarma dariya za a yi masa. Nan ne tambayar saurayin ta yi nauyi. Da na zaga motarsa, sai na ga tayoyin gaba sun suɗe, zaren ciki ya fara leƙowa. Na tambaye shi yaushe rabonsa da duba birki, ya yi shiru. Kuɗin da ya ba mai sayar da fiffike da mai huda but da mai fenti, da ya rage masa hanya wajen sayen taya.

Wannan mota kuwa ba shi kaɗai ke cikinta ba. Ranar kasuwa yakan ɗauki tsoho mai zuwa sayar da ɗan maraƙinsa, da mace mai goyo, da fatake daga ƙetaren iyakar Nijar. Kowannensu ya biya kuɗi ya miƙa masa ransa amana, ba kuwa wanda ya sunkuya ya duba taya kafin ya shiga. Gyaran birki wajibi ne a kansa, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ado kuwa iyakarsa halal. Wanda ya gabatar da halal bisa wajibi ya yi kuskure ko da kuɗin na guminsa ne, kamar mai sayen babbar riga alhali gidansa ba a ɗora tukunya ba. Ina ganin israfin da aya ta 31 ta wannan Sura ta A'arafi ta hana ba a yawan kuɗi kaɗai ake auna shi ba. Naira kaɗan da aka ɗauke daga inda ta wajaba aka kai inda ba ta wajaba ba, ta shiga ciki.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ɓoyuwa. Rawani ado ne, amma yana magana, yana cewa mai shi malami ne ko basarake. Haka fiffiken nan yake magana, yana cewa wannan mota mai gudu ce. Zuciyar saurayi kuwa ba ta son a ƙaryata ta. Abokai sun yaba a tasha, sun yi masa kirari, sai ya ji dole ƙafarsa ta gaskata abin da bayan motarsa ya faɗa. Ban ce kowa haka yake ba, kuma Allah kaɗai Ya san abin da ke cikin ƙirji. Amma kowane mai irin wannan mota ya tambayi kansa: tun da na kafa shi, guduna ya ƙaru ko bai ƙaru ba? In ya ƙaru, to, ya cire shi.

Ga masu fenti da masu gyaran jikin mota kuma, sana'arku halal ce, kuma tana son gwaninta. Wanda ya iya ya san sai an goge abin da samfefa, an yi masa shafin farko ya bushe, kana a fesa launi. Ya san rana ta riga ta kashe kalar motar, don haka sai ya haɗa fenti da ido har ya dace. Ya san ƙurar hunturu ba ta jituwa da ɗanyen fenti. Ya san kuma idan aka huda murfin but aka ɗaura noti ba a toshe ramin da kyau ba, ruwan damina zai shiga, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki. Wanda ya san wannan ya yi shiru don ya gama da wuri, ya ci amanar mai mota. Kada kuma a kafa shi inda zai rufe fitilar birki ko ya tare wa direba ganin baya, domin wannan haƙƙin na bayanka ne.

Sauran magana guda, ita ce ranar sayarwa. Mutanen Maigatari sun fi kowa sanin wannan babi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira hani ga barin nono ya taru a hantsar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki don mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta ba wanda aka ruɗa zaɓi, ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino, malamanmu na Malikiyya kuma suka ce sa'i na abincin da ya rinjaya a garin, watau a ƙasarmu gero ke nan. Ka lura, mai dabbar bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, aikinsa ne ya yi ƙaryar. To, haka wanda motarsa ta taɓa faɗuwa, aka cike lotsawar da abin da suke kira fila, aka bi da sabon fenti, aka kafa fiffike daidai inda tabon yake, sa'an nan ya kai ta wurin dillali ya yi gum. Wannan algus ne, kuma mai Risala ya jera ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki. Yi wa mota fenti don ta yi kyan gani a kasuwa ba laifi ba ne matuƙar an faɗa wa mai saye abin da ke ƙarƙashinsa. Idan an ɓoye, daga baya ya gano, yana da ikon mayar da ita ya karɓi kuɗinsa, dillalin da ya sani ya yi shiru kuma yana da nasa kason na alhaki.

Saurayin nan dai na ce masa ya koma ya ba mahaifinsa haƙuri, ya ajiye motar har sai ya sauya tayoyin nan biyu. Fiffike kuwa, tun da an riga an huda ƙarfe, ya bar shi, ya sa a toshe ramukan kafin ruwan fari ya sauka. Ni kam ran nan wata motar na shiga.

Wallahu a'alamu.