Ko Baƙin Ciki Rashin Bangaskiya Ne?

A daminar 2020, da kuma ta 2022, Kogin Haɗeja ya yi ambaliya. Ruwa ya ci gonakin shinkafa da na dawa a ƙasar Auyo da Kafin Hausa da Guri, ya rushe ɗakuna da rumbuna. Da kaka ta yi ruwa ya janye, aka sāke gini. Amma akwai waɗanda ruwan bai janye daga zuciyarsu ba. Ga magidanci wanda dā shi ne na fari zuwa gona, yanzu ya kan wuni a zaure, ba ya cin tuwo, ba ya barci, in hadari ya taso sai jikinsa ya kama rawa. Waɗansu 'yan'uwa su kan ce masa, "Ina bangaskiyarka? Mai bi ba ya baƙin ciki haka." To, sun yi daidai ke nan?

Bari mu fara jin abin da likitoci suka gano. Kowa ya san kumburi. In ƙaya ta soki ƙafa, wurin ya kan kumbura, ya yi zafi, gama jiki ya aika da mayaƙansa na cikin jini su yaƙi dauɗa. Wannan alherin Mahalicci ne. Amma tsoro da wahala mai daɗewa su ma su kan ta da mayaƙan nan, ko da ba ƙaya ba miki, har su ƙi kwantawa.

A birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan masana sun bi rayuwar yara wajen dubu tun suna ƙanana. A 2007 suka ba da labari cewa waɗanda aka gallaza wa a ƙuruciya, da suka kai shekara 32, an fi samun alamar kumburi cikin jininsu. A Jami'ar Emory ta Amurka kuma, Likita Andrew Miller da abokan aikinsa sun lura da masu ciwon daji da a ke yi wa allurar intaferon, watau maganin da ke zuga mayaƙan jini. A 2001 suka nuna kusan rabin waɗanda ba a ba su maganin kariya ba sun faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani. Allura ce ta jawo musu. Wa zai ce sun yi zunubi?

Amma kada mu zarce gona da iri. Ba kowane mai baƙin ciki ke da kumburin nan ba. A 2013 masanan Emory sun gwada maganin kwantar da kumburi ga mutum 60, alamar amfaninsa kuwa ba ta fito ba sai ga waɗanda kumburinsu ya yi yawa. Abin da muka koya shi ne, jiki da zuciya a ɗaure su ke, abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna mana haka. Annabi Iliya, bayan nasararsa a Dutsen Karmel, ya gudu jeji, ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai fara da tsautawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya yi magana da shi. Abokan Ayuba kuma sun kyauta sa'ad da suka zauna tare da shi kwana bakwai shiru. Da suka shiga neman laifinsa, Allah ya yi fushi da su.

Wani zai ce, "Haƙuri fa?" I, haƙuri maganin duniya ne, addu'a kuwa wajibi ce. Amma ba mu kan hana mai zazzaɓi magani mu ce ya ƙara haƙuri ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

A 1954 Likita Adeoye Lambo, a Aro kusa da Abeokuta, ya soma ajiye masu ciwon hankali a gidajen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti karɓar magani. Ya ga magani da dangi tare su ke aiki. Mu ma haka ya kamace mu. Mu je zauren mutumin nan, ko mai bi ne ko Musulmi maƙwabcinmu. Mu kai masa tuwo, mu taya shi ɗaga rumbu, mu saurare shi, mu yi addu'a, mu raka shi wurin likita. In ya soma zancen mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai ko dare ɗaya.

'Yan'uwa, taimakon ambaliya ya kan ƙare da janyewar ruwa. Ubangiji ya ba ekklesiya ƙauna wadda za ta daɗe fiye da haka. Amin.