Shin Ya Dace Baƙo Ya Koyi Faɗa?



Kwanakin nan iyaye da dama suna tambaya a kan wuraren koyon kareti, judo da takwando da ake buɗewa a unguwanni. Wasu yaransu ne suka matsa musu, wasu kuma magidanta ne da kansu ke son shiga, saboda zaman shago ya tara musu teɓa da ciwon baya. Tambayar dai ɗaya ce: mutumin da ke zaune a garin wasu yana neman halaliyarsa, ya dace ya koyi faɗa?

Masu tsoro suna da hujja. Ba mu manta da kasuwar Shasha ta Ibadan ba, inda a watan Fabrairun 2021 saɓanin mutane ƙalilan ya zama rikicin da ya ci rayuka da shaguna. A nan Kudu, idan ɗan Hausa ya kai wa wani naushi, da sunanmu duka ya kai. Mai tumatir da mai goro da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ne za su kwana a firgice.

To amma me ake fara koya wa sabon shiga? A judo, wadda wani malami ɗan Japan mai suna Jigoro Kano ya kafa a 1882, darasin farko shi ne faɗuwa. Ana nuna maka yadda za ka manna haɓa a ƙirji, ka bugi katifa da hannu, don kada ƙeyarka ta daki ƙasa. Sai ka sha kayi ka gaji kafin ka iya kayar da wani. Kuma kowa da farar ɗamara yake farawa. Alhaji mai shago uku da yaron shagonsa layi ɗaya za su tsaya, wataƙila ma ɗan shekara 15 ne zai gyara wa Alhaji tsayuwa. Ga wanda ya saba a rusuna masa, wannan ya fi ciwon jiki wuya, kuma nan ne amfanin yake.

Ai yawancin masu saurin hannu a kasuwa ba su taɓa haɗuwa da wanda ya fi su ba. Wanda aka kayar sau ɗari ya san ƙashi yana karyewa, ya san ƙaramin mutum yana iya kai ƙato ƙasa, don haka ba ya gaggawar cire riga. Sannan ana koya masa tsayawa: da abokin karawa ya bubbuga hannu, dole a sake shi nan take. Ko a dambenmu na gida, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, ba a bin wanda ya faɗi da duka.

Sai dai fa wannan tarbiyya ba ta zuwa da kanta, daga mai koyarwa take. Uba ya je da ƙafarsa ya zauna ya kalli darasi kafin ya biya kuɗi. Idan ya ji mai koyarwa yana alfahari da mutanen da ya daka a titi, ya kama hannun ɗansa su fita. A duba kada lokacin ya ci salla ko Islamiyya. Batun sunkuyawar da suke yi wajen gaisuwa kuma, a tambayi Liman, a kuma sanar da mai koyarwa matsayinmu tun ranar farko.

Daga nan sai a sa ido a gida da shago. Yaron da ya fara gwada ƙafa a jikin ƙannensa, a dakatar da shi. Wanda kuwa aka zage shi a bakin kasuwa ya haɗiye, ya ci gaba da auna wa mai saye kayansa alhali yana da ikon ramawa, wannan kuɗin iyayensa bai tafi a banza ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sakataren Masallaci