Fatawa kan garaɓasar Sallah da tsohon farashin ƙarya

Tambaya: Ina da shagon atamfa a Dutsi, daga Kantin Kwari nake saro kaya. Turmin ₦12,000, in na faɗi kuɗinsa kai tsaye, sai a taya a wuce. Da Sallah ta matso sai na sa a WhatsApp cewa garaɓasa ce, da ₦15,000 ne, yanzu ₦12,000, saura kaɗan. Kaya suka tafi. Ban ƙara wa kowa ko sisi ba. Akwai laifi?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Akwai laifi, ɗan'uwa. Ribarka a ₦12,000 halal ce. Inda gizo yake saƙa shi ne ₦15,000 ɗin da babu wanda ya taɓa biya. Matar da ta karanta saƙonka da wancan adadin ta auna kuɗin turmin, ta ga ta tsira da ₦3,000, wata ma ta fasa asusunta ta ɗauki biyu don kada su ƙare. Yardarta a kan labarin ƙarya ta ginu, alhali aya ta 29 ta Suratun Nisa'i yardar juna ta sa sharaɗin ciniki.

Wannan dabara tsohuwa ce, malamanmu sun san ta. A babin ciniki na Risala, Ibn Abi Zaid ya hana algus, ɓoye aibi da khilaba. Masu sharhi suka ce khilaba ita ce yaudara da ƙarya a farashi, kamar mai kaya ya ambaci kuɗin da bai saya a kai ba, ya nuna wai ragi zai yi maka. Naka ɗan'uwan wannan ne. Haka "saura kaɗan" alhali dila tana jibge a sito, haka "wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba". Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa rantsuwa tana sa kaya su tafi, amma tana shafe albarka. Dokar kare masu saye ta Nijeriya ta 2018 ma ta hana tallar yaudara.

Shari'a ba ta ce ka yi talla baki a sanyaye ba. Zaɓi kalma mai daɗi a cikin gaskiya. In ka sauko da turmi daga ₦12,000 zuwa ₦11,000 da gaske, kira shi rangwame ko garaɓasa, duk ɗaya ne. In za ka ɗora ɗankwali gyara, faɗi, muddin ba ka cusa kuɗinsa a turmin ba. Ma'aunin shi ne abin da mai saye yake fahimta a al'adar kasuwa. Ka ce "Holan" a kan ɗan Chana, sannan ka ce ai zanen kake nufi, wannan ba ya wanke ka.

Abin da ke kanka: ka tuba, ka goge saƙon, ka sanar da waɗanda suka saya. Wanda turminsa yake nan ba a yanka ba yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya riga ya kai wa tela, tunda ₦12,000 ne kuɗin kasuwa, ba ya bin ka komai sai neman yafiya. Allah ne mafi sani.