Tsohuwar Bindiga Da Haƙƙin Mai Sani

Wani ɗan maharbi daga Goronyo ya kai bindigar da ya gada kasuwar Wurno, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wani mutumin Rabah ya karɓa, ya leƙa bututun ko tsatsa ta ci shi, ya ƙwanƙwasa itacen ko gara ta shige shi, ya gwada kunamar. Can a gindin bututun sai ya ga hatimin kambi da haruffa. Da yake ya yi karatu, ya gane ƙirar Birmingham ce ta Ingila, inda aka kafa gidan gwajin bindigogi a 1813. Mai ita kuwa kuɗin ƙirar maƙeran gida ya yanka mata.

To, ya biya ya yi shiru ke nan?

Waɗansu sun ce ciniki yarda ne, kuma shi ya sha wahalar neman saninsa. Amma da a ce bututun ya tsage, mai sayarwa ya liƙe tsagar da danƙo, ai da mai saye ya kira wannan ha'inci. Ɓoye daraja ɗan'uwan ɓoye aibi ne, gama duka biyu da rashin sanin wani ake cin riba.

Abin da ya kamata shi ne ya karanta masa hatimin, sa'an nan a sake ciniki. Watakila kuɗin ya fi ƙarfinsa, watakila magajin ya fasa sayarwa. Ko da haka ta faru, bindiga kaɗai ya rasa.