Fasali a Kan Gajiyar Mai Jinya da Wanda Alhakinta Ke Wuyansa

Ka sani, ya kai mai karatu, ga wata mas'ala da ta cancanci a tsaya a kanta. Idan ma'aikaciyar jinya ta kwana tsaye a kan marasa lafiya, gari ya waye ta kuskure awon magani, alhakin yana wuyan wa?

Kada ka yi gaggawar hukunci sai ka san abin da wahala ke yi wa jiki. A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu mai zuba sinadarai cikin jini, daga cikinsu akwai adirenalin da kotisol. Idan firgici ya zo, su ke gaggauta bugun zuciya, su ƙara sukari a jini. Ɗabi'ar kotisol ya hau da safe, ya sauka tsakar dare. Mai aikin dare kuwa tana tsaye a sa'ar da jikinta ke biɗar kwanciya, kuma kotisol in ya daɗe da yawa yana raunana sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe hadda.

Sa'an nan, cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai rubutun gado da masana ke kira DNA, ana kwafarsa kamar yadda marubuci ke kwafar littafi. Akwai kuma mai tsaronsa, sunansa p53, tamkar malami mai duba allo. A shekarar 2011 masana na jami'ar Duke a Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa daɗewar sinadari irin adirenalin tana rage wannan mai tsaro, ɓarna ta taru cikin rubutun. A 2019 hukumar binciken ciwon daji da ke Liyon ta Faransa ta lissafa aikin dare cikin abubuwan da ake zaton suna jawo wannan ciwo.

Dubi kuma abin da ke samun majiyyaci. A 2004 aka bi aikin ma'aikatan jinya 393 a Amurka, aka tarar duk wadda aikinta ya kai awa 12 da rabi a jere, hatsarin kuskurenta ya ninka kusan sau 3.

To, ya kai ɗan kasuwa, in sikelinka ya lalace don yawan lodi, ya tauye wa mai saye, sikelin za ka zarga ko mai lodin? Sai dai mai jinya tana da hankali da baki, don haka tana da nata kaso in ta ɓoye gajiyarta don kunya ko kwaɗayin kuɗin ƙarin aiki. Amma kaso mafi girma yana kan mai rabon aiki, wanda ya ɗora wa mutum ɗaya aikin uku, ya kira wannan jarunta.

Saboda haka, hutun mai jinya haƙƙin majiyyaci ne. Ranar da ka kai naka asibiti, ka ga idonta ya yi ja, sassauta harshenka, domin ran ɗan'uwanka yana rataye da natsuwarta. Iyakar magana ke nan.