Amanar Baiko

Kazar gida ita ce asusun matar ƙauye. Ranar kasuwar Talata Mafara za ka ga kaji ɗaure da ƙafafu daga ƙauyukan Bakura da Maradun, kusan kowace wata lalura ce ta fito da ita: kuɗin magani, kuɗin makaranta, ko cefane. Kafin kaza ta kai haka an sha fama. Uwar takan yi kwana 21 a kan ƙwai, ba ta tashi sai don ɗan tsince-tsince. Ta ƙyanƙyashe kuma, shirwa na shawagi, annobar kaji na jiran hunturu. Don haka idan mace Kirista ta rungumo kazarta ta kai coci baiko ranar godiyar kaka, ajiyarta ta miƙa, wanda ya karɓa kuwa amana ya ɗauka.

A Linjilar Matiyu, sura 23, Yesu Almasihu ya kwatanta yadda ya so ya tara mutanen Urushalima da yadda kaza ke tara 'yan tsakinta a ƙarƙashin fikafikai. Masu wa'azi na son wannan misali, amma sau da yawa sukan tsallake abin da ya gabace shi a surar: kakkausan faɗa ga shugabannin addini masu fitar da zakkar ganyen ƙamshi daidai wa daida, alhali sun yi watsi da adalci da jinƙai. A ganina haɗuwar biyun a wuri ɗaya hujja ce. Abin da aka tara da sunan Allah mai kāre raunana, raunana ne suka fi haƙƙi a kansa. Ba su da wuyar samu a nan. A ƙaramar hukumar Talata Mafara aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, kuma hare-haren 'yan bindiga sun bar zawarawa, marayu da manoman da gonakinsu suka gagara zuwa.

Wani zai ce baiko na Allah ne, mai bayarwa ya sauke nauyinsa, bin diddigi rashin bangaskiya ne. Fasto ma zai ci, rufin coci na yoyo. Gaskiya ne a ciyar da mai hidima, a gyara kwano. Sai dai manzo Bulus kansa, da ya tara wa matalautan Urushalima gudunmawa, ya tafi da wakilan ikilisiyoyi domin kada a zarge shi a kan kuɗin. In shi bai ɗauki sa ido a matsayin cin fuska ba, ma'ajin coci ba shi da dalilin jin haushi. A karanta lissafi a gaban jama'a, a faɗi abin da ya shigo da abin da ya kai gidan gwauruwa, tun matar da ta kawo kazar tana zaune a wurin.